Ba da Kai Bori Ya Hau: Yarda da Tilas a Ƙagaggen Labarin Ɗayyib Salih

Gabatarwa

Wannan takarda tarke ce a kan ƙagaggen labarin Ɗayyib Salih mai suna Mausim al-Hijra ila al-Shamal, wato lokacin ƙaura zuwa arewa, wanda ya fara fitowa a mujallar Hiwar ta Bairut a 1966, Denys Johnson-Davies kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1969. Manazarta sun yi rubuce-rubuce masu yawa a kan jigon mulkin mallaka a cikinsa, har ta kai ɗalibi yakan buɗe littafin yana neman Kitchener a kowane shafi. Abin da za a duba a nan bai kai wannan faɗi ba. Kalma ɗaya ce, yarda, da yadda marubucin ya jarraba ta a wurare biyu: ɗakin kwanan Mustafa Sa'id a Landan, da wani ƙauye a gaɓar kogin Nilu. Ɗalibai sukan haɗa matan labarin duka a kwando ɗaya su ce an zalunce su. Gaskiya ne an zalunce su, amma ba ta hanya ɗaya ba, kuma mai nazarin harshe shi ya fi kowa cancantar ganin bambancin, domin a cikin aikatau yake ɓoye.

Hausa tana da karin maganar da za ta yi mana jagora. Idan aka ce wane ya ba da kai bori ya hau, jimloli biyu aka haɗa. A ta farko mutumin ne mai aikatawa, shi ya bayar. Ta biyu kuwa tana nuna manufa, wato ya bayar ne domin bori ya hau. Wanda za a hau shi ne ya fara motsi. Sai dai a maganar yau da kullum, musamman a jaridu, an fi jin karin maganar a kan wanda aka matsa wa lamba har ya rasa mafita, shi ya sa ake yawan sa mata ala tilas a gaba. Ke nan magana ɗaya tana ɗauke da wanda ya miƙa kansa da wanda aka tanƙwara. Tsakanin waɗannan ma'anoni biyu labarin Salih yake kai da komo.

Masu wasan miƙa wuya da ƙa'idojinsu

Kafin a shiga labarin, yana da kyau a san cewa akwai mutane a Turai da Amurka da suka mayar da miƙa wuya tsakanin masoya wani tsari mai dokoki. Manya ne biyu suke shirya cewa ɗaya zai riƙe iko ɗaya kuma zai yi biyayya, na sa'a ɗaya ko na tsawon zama, wani lokaci har da sunayen ubangida da bawa. Ana kiran harkar da haruffan BDSM. Hukuncin addini da na al'adarmu a kan irin wannan ba ɓoyayye ba ne, kuma ba shi ne aikin wannan takarda ba. Abin da ya sa aka kawo su shi ne, da yake wasan nasu yana dab da cuta, dole ta sa sun yi wa kalmar yarda filla-filla fiye da yadda mafi yawan mutane suke yi mata.

Ƙungiyoyinsu na farko a Amurka su ne Eulenspiegel Society a New York (1971) da Society of Janus a San Francisco (1974). A 1983 wata ƙungiyarsu ta New York ta fito da taken da ya yaɗu a tsakaninsu, mai sharuɗɗa uku: kada a yi abin da zai jawo lahani, a yi cikin hankali, a yi da yarda. A aikace, ana zama a tattauna iyakoki kafin a fara. Ana kuma ajiye wata kalma da za mu iya kira kalmar birki, wadda da zarar mai biyayya ya furta ta komai ya tsaya. Da yawa launukan fitilar hanya suke ara, ja na nufin tsaya. Abu na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne jama'a. Tun farkon shekarun 1990 suka ɗauki al'adar haɗuwa a gidan cin abinci da tufafin yau da kullum, a gaisa a san juna. Suna shirya darussa, suna sa masu sa ido a tarukansu, wanda aka sani da ƙetare iyaka kuma labarinsa yakan riga shi isa. Masana biyu, Staci Newmahr da Margot Weiss, sun zauna cikin irin waɗannan jama'u sun fitar da littattafai a shekara ɗaya, 2011.

Tun kafin su, Gilles Deleuze ya lura a 1967 cewa a rubutun Sacher-Masoch (wanda daga sunansa aka samo kalmar masokizim) mai miƙa wuyan ne yake tsara yarjejeniya, shi yake koya wa mai ikon yadda za ta mulke shi. Wannan ita ce ma'anar farko ta karin maganarmu, wadda mai ba da kai yake riga bori motsi. Daga nan za a iya tsamo ma'auni uku na auna yarda: shin mutum ya san da wa yake hulɗa, shin yana da hanyar fita, shin akwai idon jama'a a kan lamarin.

Ɗakin Landan

Mustafa Sa'id, kamar yadda labarin ya nuna, an haife shi a Khartum a 1898, shekarar da sojojin Kitchener suka karya rundunar Halifa Abdullahi a Karari, arewa da Umdurman. Ya yi karatu a Kwalejin Gordon, ya wuce Alƙahira, ya ƙare a Landan yana koyar da ilimin tattalin arziki. A can ya shirya ɗakinsa da turaren wuta da sandal da madubai, ya mayar da shi irin Gabas ɗin da matan Ingila suke mafarki.

Wurin da ya fi dacewa da batunmu shi ne hulɗarsa da Ann Hammond, yarinyar da ba ta cika shekara ashirin ba, mai karatun harsunan Gabas a Oxford. Ita da bakinta ta ɗauki matsayin kuyanga, ta amsa sunan Sausan da shi ya fara kiranta da shi, ta mayar da shi ubangidanta, suka ƙaga cewa sun taɓa haɗuwa a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun. A zahiri wannan wasan miƙa wuya ne cikakke, har da sunaye da tufafi da labarin da aka gina shi a kai, kuma ba wanda ya tilasta mata. Amma a ɗora shi a ma'auni na farko. Mustafa da kansa ya faɗa cewa ƙarya yake shirgawa a laccocinsa kan waƙoƙin Abu Nuwas. A kotu an bayyana cewa yana zaune da mata biyar a lokaci guda, kowace da sunan da ya ba ta, kowace kuma ya sa mata ran aure. Ann ta yarda da wani mutum ne wanda babu shi. A Hausa aikatau ɗin yarda yana tafiya da harafin da: an yarda da wane, an yarda da magana. Idan abin da ke bayan harafin na jabu ne, jimlar ta tsaya a nahawu amma ta rushe a ma'ana. Bambancin wasa da yaudara shi ne a wasa duka biyun sun san inda labulen yake. A nan mutum ɗaya ne ya sani.

Ma'auni na biyu da na uku ma ba su tsira ba. Ba a ajiye wata kalmar birki ba, kuma ba wanda ya san abin da ke gudana balle ya ja kunnen wani. Ann ta kashe kanta, haka Sheila Greenwood, haka Isabella Seymour. Jama'a ba ta shigo ba sai a kotun Old Bailey, bayan an gama binne mutane, kuma ko a can lauyoyi da shaidu sun fi damuwa da muhawara a kan wayewar Turai da mutumin Afirka fiye da matan da suka mutu.

Jean Morris ta fi wuyar sha'ani, kuma a nan ne nake ganin manazarta da yawa sun yi saurin gaskata Mustafa. Ita ce ta juya wasan: ta wulaƙanta shi, ta farfasa masa kaya masu daraja, ta ƙona dardumar sallar da aka ba shi kyauta, ya bi ta shekara uku kafin ta aure shi. A daren ƙarshe, in ji shi, ita ta kira wuƙar, ta yi maraba da ita. Ɗalibi ya tambayi kansa: daga bakin wa muka ji wannan? Daga bakin wanda ya kashe ta, ta hanyar mai ba da labarin da yake tuno maganar bayan shekaru. Shaidar yardar Jean guda ɗaya ce tak, kuma mai ita shi ne wanda ake tuhuma. Wannan ba matsalar adabi kaɗai ba ce. A 1993 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan lokaci, wato Majalisar Dattawa, ta yanke a shari'ar Brown, da rinjayen alƙalai uku a kan biyu, cewa yarda ba ta wanke wanda ya ji wa wani rauni a irin wannan wasa. A 2021 kuma aka rubuta a dokar cin zarafin iyali ta Ingila cewa ba a karɓar uzurin yarda a mummunan rauni don biyan sha'awa, bayan ƙorafin cewa maza suna kashe mata su ce wasa ne ya wuce gona da iri. Mustafa shekara bakwai aka ɗaure shi. Salih ya bar mai karatu a kujerar alƙali da shaida ɗaya, kuma ina ganin da gangan ya yi.

Akwai wani abu game da kalmar kuyanga da bai kamata ya wuce mu ba. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati da mai ba da labari ya haɗu da shi a jirgin ƙasa ya ce mahaifiyar Mustafa baiwa ce daga kudu. Idan haka ne, ɗan baiwa ne yake wasan ubangida da 'yar wani kanar na Ingila. A gare ta bauta tatsuniya ce ta Dare Dubu da Ɗaya. A Umdurman kuwa an yi kasuwar bayi ta gaske a zamanin Mahadiyya, Ahmad Sikainga ya bi sawun yadda 'yantattun bayi suka zama leburorin Khartum a littafinsa na 1996, kuma kalmar bawa ta ci gaba da zama zagi mai zafi a Larabcin Sudan. Weiss ta yi irin wannan suka ga jama'ar da ta nazarta a San Francisco, inda ta halarci gwanjon bayi na wasa: yarda ba ta goge tarihin da aka aro kalmomin daga gare shi. Mai fassara zuwa Hausa zai ci karo da wannan nan take, domin kuyanga da baiwa da ƙwarƙwara da sa-ɗaka kowace da matsayinta, kuma sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewacin Nijeriya. Kalmar ubangiji ma, kafin ta keɓanta ga Mahalicci a kunnen yaran yau, mai bawa ake nufi da ita.

Ƙauyen

Rabin labarin na biyu ya juya hoton. Mustafa ya dawo Sudan, ya zauna a ƙauyen da manazarta suke kira Wad Hamid, ya auri Husna 'yar Mahmud, suka haifi 'ya'ya biyu maza, sannan ya ɓace a shekarar ambaliya. Wad Rayyis, tsoho mai kimanin shekara saba'in, mai auri-saki, ya ce sai ita. A nan ba abin da aka ɓoye. Husna ta san wanda ke nemanta, gari duka ya sani. Ta ce ba ta so, ta kuma gaya wa mai ba da labari ƙarara cewa idan aka tilasta mata za ta kashe shi ta kashe kanta. Har ta nemi mai ba da labarin ya aure ta ko da na suna ne don ta tsira. Da aron harshen sashen baya, ta furta kalmar birki da babbar murya, a gaban shaidu, ba sau ɗaya ba. Mahaifinta ya doke ta aka ɗaura. Mai ba da labari, wanda Mustafa ya bar wa wasiyyar iyalinsa, yana Khartum a bakin aikinsa na Ma'aikatar Ilimi.

Ɗalibi kada ya ɗauka addini ne ya ba ƙauyen wannan dama. Husna bazawara ce, kuma a mazhabar Malikiyya, wadda Sudan da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kanta, ikon tilastawar uba bai hau kan bazawara baliga ba, sai ta furta yardarta. Hadisin Khansa'u bint Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba aka warware auren, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari. A Sudan ɗin ma, sanarwar shari'a mai lamba 54 ta 1960 ta sa yardar mace ta zama sharaɗin aure, shekara shida kafin fitowar littafin. Abin da ya ci Husna shi ne girman kan maza da kunyar a ce mace ta mayar da maganar uba.

Salih ya shirya mu tun kafin nan, a zaman hirar tsofaffi a ɗakin kakan mai ba da labari, Alhaji Ahmad, inda Wad Rayyis da Bakri da Bint Majzub suke ɓarkewa da dariya kan zancen aure da shimfiɗa. Zaman yana da daɗin karatu, kuma nan haɗarinsa yake. A cikin raha Wad Rayyis ya ba da labarin yadda a ƙuruciyarsa ya sace wata baiwa daga gidan biki da ƙarfin tsiya, aka yi dariya aka wuce. Ita ce kuyangar gaske ɗaya da ta gifta a idon mai karatu, ba ta da suna, ba ta ce uffan ba. Wanda ya ajiye ta kusa da Sausan ta Oxford ya fahimci littafin fiye da wanda ya haddace sharhi goma.

Ke nan ɗakin Landan yana da siffar yarda ba gaskiya ba jama'a, ƙauyen kuma yana da gaskiya da jama'a amma jama'ar ce ta toshe ƙofar fita. Wannan ya isa gargaɗi ga wanda zai ɗauka cewa idon jama'a shi kaɗai kariya ne. Mahjub, abokin mai ba da labari, shugaban kwamitin aikin gona, mutumin kirki a kowace fuska, shi ne ya fi kowa zagin gawar Husna.

Zar da bori

Tun da karin maganarmu daga bori ta fito, ya dace a duba inda ake ba da kai da gaske a Umdurman. A Sudan ana kiran babban reshen zar da suna zar bori, masana kuma sun daɗe suna muhawara a kan alaƙar sunan da borin Hausawa. Pamela Constantinides ta yi bincike a kansa a yankin Khartum da Umdurman, Janice Boddy a wani ƙauye na arewa (1989), G. P. Makris kuma a kan ɗaya reshen, tumbura, na zuriyar bayi (2000). Gwamnatin da ta hau a 1989 ta takura wa zar, kamar yadda ta hana littafin Salih yawo na wani lokaci, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya tarwatsa unguwannin biranen, don haka bayanin na zamanin binciken ne.

Zar ba harkar sha'awa ba ce, tsarinsa kawai ake son a gani. Macen da iska ta taɓa ana kiranta amaryar zar. Ba a korar iskar, sulhu ake yi da ita a hannun shaiha, shugabar gidan: iska ta faɗi buƙatunta, tufa ko turare ko yanka, a yi ciniki, a biya, ita kuma ta bar jikin ya huta. Iskokin ƙungiya-ƙungiya ne, akwai Darwishai da Habashawa da Turawa da bayi, har da Fallata, wato mu mutanen yamma. Mace takan sa hular Bature ta yi tafiyarsa a gaban mata 'yan'uwanta, kiɗa ya tsaya ta koma kanta. Haka a borin Kano da Fremont Besmer ya bayyana a 1983: namiji doki, mace goɗiya, iska ta hau, ta sauka da atishawa, kuma ba a hawa sai an yi girka, ga masu garaya, ga masu kula da wanda aka hau kada ya ji ciwo.

Kada a ƙawata abin fiye da kima. Ba wadda ta zaɓi ciwon da ya kai ta gidan shaiha, farkon lamarin tilas ne. Amma tafiyarsa daga tilas ne zuwa sharaɗi: hawan yana da lokacin farawa da na ƙarewa, yana da farashi sananne, yana da shugaba da shaidu. Tafiyar Ann Hammond akasin haka ce, ta fara da zaɓi ta ƙare ba mafita. Wasan Bature da matar Umdurman take yi a fili, shi Mustafa ya yi a ɓoye cikin ɗakin jan bulo da ya gina a ƙauye, mai murhun Ingila da littattafan da ba na Larabci ko ɗaya, ya kulle ba wanda ya taɓa shiga.

Abin lura ga mai fassara

Wanda zai juya babin Husna zuwa Hausa yana da zaɓi huɗu a gabansa, kuma kowanne hukunci ne. Ta auri Wad Rayyis, aikatau giredi na biyu a tsarin Parsons, ya sa ta zama mai aikatawa, wannan ƙarya ce a kanta. Ta yi aure ya ɓoye mijin ya bar mata aikin. An yi mata aure ya fi kusa, sai dai haka ake faɗa ga kowace amarya, har mai murna. Mahmud ya aurar da ita, giredi na biyar, shi ne ya fito da mai aikin da sunansa ya kuma nuna an fitar da abu daga hannu, kamar sayar da da bayar da. Mutanen ƙauyen da kansu lamirin an za su zaɓa, domin da shi suka rufe maganar: an ɗaura, an ji ihu cikin dare, an binne su kafin gari ya waye ba zaman makoki. Da mai ba da labari ya iso daga Khartum kowa ya kame bakinsa, har kakansa. Sai da ya kai wa Bint Majzub kwalbar giya sannan ta faɗa masa wanda ya yi me, a ɗakin da ta shiga ta gani da idonta, mako biyu bayan ɗaurin auren.